Waya a kunne, hannu ɗaya a kan babur: daƙiƙa biyar ɗin da ke cin rai a hanyoyin Nijar

Da la'asar sakaliya, lokacin da ake tashi daga babbar kasuwar Maraɗi, tsayuwar minti goma a bakin kwalta ta isa mutum ya ga abin da idonsa. Ɗan kabu-kabu zai wuce ya goya mace da buhu, ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, wuya a karkace. Wani ya cusa tasa cikin hula. Mai adaidaita ya ɗora tasa a cinya, yana latsa saƙon muryar WhatsApp da babban yatsa, yana ɗago kai jefi-jefi. Haka abin yake a Damagaram da Tawa da Yamai, har ya daina ba kowa mamaki.

Ba duka ne ganganci ba. Ga ɗan kabu-kabu, waya ita ce shago. Ta nan kwastoma ke kira a zo a kai yara lakwal, ko a ɗauko saƙo daga tasha. In bai ɗauka ba, wani za a kira, ga kuɗin mai babur da zai kai da yamma, ga tsadar mai. Shi ya sa faɗa masa kawai cewa ya ajiye waya ba ya shiga kunnensa.

Sai dai lissafin ba ya sassauta wa kowa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa 5 don ya ga wa ya turo saƙo ya shafe mita 125, fiye da tsawon filin ƙwallo, kamar wanda aka ɗaure wa ido. A cikin gari ma, a gudun kilomita 50, daƙiƙa 2 kusan mita 28 ce. A cikin wannan tazara ce yaro ke tsallako titi bin ƙwallo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma babu abin da ya fi shi kashe ƴan shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta kuma ce mai tuƙi yana amfani da waya ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar yin hatsari.

A Nijar, abin na da tsanani a babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Galmi, Madawa, Maraɗi, Tasawa, ta wuce Damagaram har Diffa. Kwalta ce guda, mai tafiya da mai dawowa, babu shinge a tsakiya. A kanta manyan motocin fasinja ke haɗuwa da gingimarin albasa, da hiyas da aka yi wa lodi har sama, da garken shanu, da amalanken jaki. Da kaka, amalanke na dawowa daga gona bayan magariba, ɗauke da damman gero, ba fitila ba komai. Da hunturu hazo kan rufe gaba. Kuma hanyar ta ratsa tsakiyar ƙauyuka, inda ranar kasuwa masu talla ke cika bakin titi. Miƙaƙƙiyar hanya kan sa direba ya ga kamar ba komai a gaba, nan ne hannu ke zarcewa aljihu.

Wasu na ganin sa abin sauraro a kunne ya warware matsalar. Hukumar lafiyar ta ce bambancin kaɗan ne. Hannu na kan sitiyari, ido na kan titi, amma hankali na can wurin rigimar gado ko cinikin fili da ake yi a wayar, sai taka birki ya zo a makare.

Akwai kuma wanda ba a cika ambata ba: mai kira. Ɗan ci-rani da ke Aljeriya, Libiya, Abidjan ko Faransa ya turo kuɗi gida, ya ƙagu ya ji ko an karɓa. Ya kira ƙanensa, ba a ɗauka ba, ya sake, ya sake, har da kiran bidiyo. Ƙanen na kan babur, kuma kunya ba za ta bar shi ya ƙi amsa kiran yaya ba, balle yayan da ya saya masa babur ɗin. Duk wanda ya ji iska na kaɗawa a wayar, ko ƙarar inji da oda, ya riga ya san inda ɗan'uwansa yake. Katse kiran da tura saƙon “kira ni in ka sauka” ba ya cin ko dala.

Fasinja ma na da nasu laifin. Mota cike da mutane, kowa na ganin direba yana waya, ba mai tanka masa, don kada a ce ya cika tsoro ko ba shi da tawakkali. A ayarin kai amarya kuwa har yabo ake yi wa saurayin da ya saki hannu yana ɗaukar bidiyon TikTok. In abu ya faru sai a ce ƙaddara, a rufe zancen. Ƙaddara gaskiya ce, amma malamai ba su taɓa cewa ta ɗauke wa mutum nauyin kiyaye rayukan da ya ɗauko ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, tana faɗakarwa, jandarmomi da ƴan sanda na kan hanya, amma ba za su zauna a bayan kowane babur ba. Direbobin da suka daɗe a harkar suna da dabararsu: waya a hannun yaron mota, shi ke amsawa. Ɗan kabu-kabu ba shi da yaron mota. Abin da yake da shi shi ne ya gangara gefe, ya sa ƙafa ƙasa, ya amsa, ya ci gaba. Minti ɗaya ne.

Wanda bai tsaya ba, ƴan kwana-kwana ne ke ɗaukar sa zuwa asibiti, daga can sau da yawa a wuce da shi gidan mai ɗori. Wata uku ko huɗu yana kwance, babur na wurin mai gyara, mai babur na jiran kuɗinsa. Sai a sake kiran yayan nan na ƙasar waje, wannan karo don ya turo kuɗin magani.