Kirsimeti a Parakou da Djougou: abin da yara ke jira, da abin da iyaye ke lissafi

Da zarar watan Disamba ya raba, hunturu ya sauka, kewayen tashar jirgin ƙasa ta Parakou, wurin da mutanen gari ke kira Gare, yakan canza kama. Masu tebur su baza jajayen huluna masu farin baki, da balan-balan, da motocin roba da 'yar tsana. Teloli su koma kwana a shago. Motocin fasinja daga Kwatano su riƙa sauke ma'aikata da ɗalibai masu komowa gida hutu. Haka abin yake, ko da bai kai haka armashi ba, a Djougou mai nisan kilomita kusan 135 a arewa maso yammacin Parakou.

Mafi yawan Hausawan da ke zaune a garuruwan biyu Musulmi ne, kuma Kirsimeti ba bikinsu ba ne. Amma ɗansu aji ɗaya yake da ɗan Kirista, famfo ɗaya suke ɗibar ruwa, ranar ɗaya ake ba su hutu. Shi ya sa tambayar yadda za a faranta wa yara a ƙarshen shekara ba ta tsaya a gidan da ake zuwa coci kaɗai ba. Ta shafi unguwa baki ɗaya, ta kuma shafi aljihun kowane magidanci.

Bikin Kirista a garuruwan fatake

Parakou da Djougou tsofaffin zangunan fatake ne. A kan hanyar goro suke, wadda ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja a arewacin Ghana ta yau, kuma ta wannan hanya Musulunci da harsunan Dendi da Hausa suka kafu a cikinsu. Jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, ya tsaya nan bai wuce ba. Saboda haka a nan aka riƙa sauke kayan Nijar ana loda wa manyan motoci, abin da ya tara direbobi da 'yan dako da 'yan kasuwa daga Nijar da Najeriya a kewayen Gare. Jirgin kuma ya kawo ma'aikata 'yan kudu, Fon da Yarbawa da sauransu, da yawansu Kiristoci.

A ƙidayar 2013 an samu mutum sama da 250,000 a kowace daga cikin gundumomin biyu. Musulmi sun fi rabi a Parakou, a Djougou kuwa rinjayensu ya fi haka nesa. Duk da haka coci na da tushe. Cocin Katolika ya ba Djougou nata bishop a 1995, ya ɗaga Parakou zuwa matsayin mazaunin babban bishop a 1997. Akwai kuma majami'un UEEB, waɗanda suka samo asali daga aikin mishan na SIM, da na Assemblées de Dieu da wasu da dama. Ranar 25 ga Disamba hutu ce a duk faɗin Jamhuriyar Benin, kamar yadda Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Mauludi suke hutu ga kowa.

Abin da ake yi a gidan Kirista

Ga iyalin Katolika, shiri yana farawa ne da Lahadi huɗu kafin ranar. A coci ana haɗa ɗan ƙaramin garke mai kwaikwayon wurin da aka haifi Yesu Almasihu a Baitalami, yara kuma su yi ta bitar waƙoƙi da wasan kwaikwayon haihuwar. Babban taro shi ne na daren 24 ga wata, inda majami'ar Saints Pierre et Paul a Parakou da ta Sacré-Cœur a Djougou kan cika maƙil. Mabiya ɗarikar Christianisme Céleste, wadda aka kafa a Porto-Novo a 1947, su kuwa tafiya suke yi: a kowace shekara suna taruwa a bakin teku a Sèmè, wasu tun daga arewa suke kama hanya.

Da safiyar 25, sai girki. Shinkafa da miyar tumatir da kaza ko zabo, sakwarar doya da miyar gyaɗa, soyayyen wagashi, wato cukun Fulani da yankin ya yi suna da shi. Yara su sa sababbin kaya, galibi atamfa iri ɗaya da ta uwa da uba, su fita gaishe da dangi, a ba su 'yan kuɗi ko alewa. Bahaushe da ya ga wannan ba ya bukatar tafinta. Kayan Sallah ne da yawon Sallah da goron Sallah, suna kawai ya bambanta.

Kwanon da ke tsallaka katanga

Abin da ya fi shigar da gidan Bahaushe cikin wannan rana shi ne kwanon abinci. Maƙwabciya Kirista ta aiko yarinya da shinkafa da nama, kamar yadda ita ma aka aika mata da cinyar rago ranar layya. Da yawa daga cikin iyalan Kirista suna sayen namansu a wurin mahauta Musulmi, waɗanda Hausawa ke da yawa a cikinsu, ko su kira Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya, don kada maƙwabci ya yi ɗari-ɗari da kwanon. Suna kuma ware abin sha: lemo ga wanda ba ya shan giya, burkutun dawa da ake kira cukutu ga mai sha.

Malaman Musulunci sun sha bamban a kan taya Kirista murnar wannan rana. Wasu suna ganin kyautata maƙwabtaka ce, wasu suna hanawa, kuma kowane gida yana bin malamin da ya amince da shi. Inda matsala ke tasowa shi ne idan an bar yaro ya isar da hukuncin da bakinsa. Yarinyar da aka aiko da kwano, aka maido ta da shi da baƙar magana a ƙofar gida, ba za ta fahimci saɓanin malamai ba. Abin da za ta riƙe shi ne an wulaƙanta uwarta. Gidajen da suka daɗe suna zaman lafiya da juna manya ne ke yin wannan magana tsakaninsu tun kafin ranar, cikin mutunci, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke karɓa da wanda ba ya karɓa.

Kaleta, tashen ƙarshen shekara

Akwai wani wasan yara da Benin ta shahara da shi a wannan lokaci, ana kiransa Kaleta. Yara maza su haɗa ƙungiya, ɗaya ko biyu su rufe fuska da abin dodo na kwali ko na roba, su sa tsummoki da safar hannu don kada a gane su. Sauran su bi su da kiɗan gwangwani da kwalba. Suna shiga gida-gida, mai abin dodo ya yi rawa ba ya magana, masu gida su ba da 'yan sulalla, da yamma a raba.

Asalin wasan daga Brazil yake. Bayin da suka sami 'yanci suka komo gaɓar tekun Benin a ƙarni na 19, waɗanda ake kira Aguda, su suka zo da shi, kuma sunan daga kalmar Fotigis ta abin rufe fuska ya fito. Komowar ta yi ƙarfi bayan boren da bayi Musulmi suka yi a Bahia a 1835, boren da akwai Hausawa a cikinsa. Kaleta ya fi ƙarfi a Ouidah da Porto-Novo da Kwatano, amma ya bi 'yan kudu zuwa biranen arewa.

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi zai ga tashe ne tsaf, wasan da yara ke fara yi bayan azumi ya kai kwana goma. A Wagadugu ma akwai wasan Dodo na watan azumi, wanda fatake Hausawa suka kai. Duka ukun abu ɗaya suke koya wa yaro: ya ƙera kayan wasansa da hannunsa, ya yi aiki cikin ƙungiya, ya iya tsayawa gaban manya, ya raba abin da aka samu ba tare da faɗa ba. Kuma ba sa cin kuɗin iyaye. Inda ake bukatar idon manya shi ne iyaka: a tsaya cikin unguwa, a kauce wa babban titi, a koma gida kafin dare ya yi nisa, domin abin rufe fuska yana rage wa yaro gani.

Lissafin aljihu

Mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 52,000 ne a wata tun Janairun 2023, kuma mafi yawan mutanen zango ba ma albashi suke ɗauka ba, abin da kasuwa ta bayar a yini shi ne nasu. A cikin wannan za a fitar da ɗinki, da nama, da kuɗin mota. Makarantu da ma'aikatu da dama kuma suna shirya bikin da ake kira arbre de Noël, inda wani ke shigar tsoho mai farin gemu ya raba wa yara kyauta. A makarantun kuɗi, sau da yawa iyaye ne ke biyan kuɗin kyautar tun da farko. Yaron da ba a biya masa ba yakan zauna yana kallo ana kiran sunayen 'yan ajinsu, ko Musulmi ne ko Kirista. Malaman da suka san aikinsu sukan haɗa kuɗin wuri ɗaya a sayi abu iri ɗaya ga kowa, ko fensir ne da biskit, maimakon a bar kowane uba ya nuna ƙarfinsa.

Don tarar wannan lokaci ne mata da yawa ke shiga adashin shekara da ake kira adogbè, ana zubi tun daga farkon shekara, a kwasa a Disamba, kuɗi ko shinkafa da mai da atamfa. Sai dai an sha samun masu karɓar zubin suna ɓacewa ana gab da rabo, abin da ya sa gwamnati ta haramta tara irin wannan kuɗi ba tare da izini ba a watan Maris na 2022. Adashi tsakanin mutanen da suka san juna, ko ajiya a asusun da hukuma ta san da shi, ya fi aminci.

Sai kuma Janairu. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2006, amma masu yara a makarantun kuɗi kashi-kashi suke biya, kuma wani kashin yakan faɗo da komawa hutu. Gidan da ya ci bashi don kwana biyu na biki, yaron da aka yi domin shi ne za a koro daga aji. Daidai ruwa daidai tsaki: a ware kuɗin makaranta tukuna, a kai wa tela ɗinki tun Nuwamba kafin layi ya yi tsawo, in sabon yadi ya gagara, gwanjo mai kyau da aka wanke aka goge yana fitar da yaro kunya.

Yaron da ake mantawa

A gidaje da yawa akwai yarinyar riƙo ko 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye, wadda a kudu ake kira vidomègon. Ita ce ke tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta fige kaji, ta wanke tukwane, kuma sau da yawa ita ce ba a ɗinka wa komai ba. Haka almajirin da ke tsaye a ƙofa, da marayan da ke gidan kawu. Idan atamfar gida ta kai ga yarinyar riƙo, aka zuba mata a kwano ɗaya da 'ya'yan gida, sauran yaran suna gani, kuma darasin yana zama. Wannan ma'auni ɗaya ne ga Kirsimeti da Sallah.

Hanya da lafiya

Ƙarshen shekara lokacin haɗurra ne, saboda cunkoso da gudu da shaye-shaye, ga hazon hunturu da ke rage gani da safe. Tun watan Maris na 2024 'yan sanda suka tsananta kama masu hawa babur ba hular kwano, amma har yanzu ana ganin uba ya jera yara uku a babur ɗaya zuwa gaisuwa. Sawu biyu ya fi zuwa asibiti. Abin fashewa da yara ke kunnawa shi ma yana ƙona yatsu da idanu, ga rufin ciyawa da ya bushe ƙayau. Sanyin asuba kuma yana bukatar rigar sanyi da man kaɗanya ga ƙananan yara.

Ga iyalan da ke da dangi a Nijar akwai ƙarin damuwa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai an rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, mutane suka koma tsallaka kogin Kwara da kwalekwale, abin da ya ƙara wa tafiya tsada da haɗari, musamman ga mai ɗauke da yara. Gidaje da yawa sun koma gaisuwa ta WhatsApp, jikoki su nuna wa kaka sababbin kaya ta waya.

Hutun bai wuce kusan mako biyu ba. A farkon Janairu yara za su koma aji, su zauna benci ɗaya su ba juna labari. Motar roba ta riga ta karye a lokacin. Abin da ke saura shi ne wanda ya zo gidansu, da gidan da aka karɓe su, da kuɗin Kaleta da suka raba a bayan tasha, da kwanon da aka aika da shinkafa ya komo da masa.