Fadama Garkuwar Gari: Daga Bakin Teku Zuwa Kwarin Majiya

Ƙasarmu ba ta da teku. Wanda ya tashi daga Birnin Ƙonni zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya ga ruwan gishiri a Kotonu. Duk da haka akwai wani aiki da mutanen gaɓar teku suka sa gaba wanda ya kamata manoman Adar da shugabanninsu su san labarinsa.

A bakin teku akwai fadamu masu gishiri, waɗanda ruwa ke shiga ya fita sau biyu kowace rana. Ciyawa mai jure gishiri ce ke fitowa a ciki. Idan guguwa ta turo raƙuman ruwa, ciyawar nan ta kan karya ƙarfinsu kafin su kai ga gidaje. Kuma da yake ruwa na rage gudu a tsakanin ciyawa, sai ya aje lakar da ya ɗauko, ƙasar fadama ta riƙa ƙara tudu kaɗan kaɗan. Wannan babban abu ne, domin masana sun auna cewa teku ya hau da wajen santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. Katangar siminti tana nan yadda aka gina ta, amma fadama tana iya bin ruwa sama muddin laka na iso mata.

An daɗe ana raina waɗannan fadamu. A jihar Luwiziyana ta Amurka an killace kogin Misisifi da ganuwa, laka ta daina shiga fadama, kamfanonin man fetur kuma suka yi ta haƙa magudanai. Daga 1932 zuwa 2016 teku ya cinye wajen murabba'in kilomita 5,000 na ƙasar jihar. A Ingila kuwa, a wani wuri mai suna Medmerry, hukuma da kanta ta fasa tsohuwar ganuwa a 2013, ta gina sabuwa can baya, ta bar wa ruwa fili ya sake yin fadama, don kare gidaje fiye da 300.

To, mu dawo gida. Tekunmu shi ne ruwan damina da ke gangarowa daga duwatsun Adar. Majiya ta kan kwaso shi ta bi da shi ta ƙasar Malbaza da Ƙonni, har ta kai tabkin Kalmalo a Najeriya. Idan tudu na da itace da ciyawa, ruwan ya kan sauko a hankali, ya shiga ƙasa, ya kwanta a fadama. Idan tudu ya zama faƙo, sai ruwan ya taho gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan, ya yanka kwazazzabai, ya binne gonaki da rairayi, ya rushe gidajen laka. Wanda ya ga daminar 2024, wadda ambaliyarta ta taɓa fiye da mutum miliyan 1 a faɗin ƙasa, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ga inda bambanci yake. Mutanen teku neman laka suke yi. Mu kuwa laka na zuwa mana inda ba mu so. Gonakin noman rani na Ƙonni, waɗanda aka shimfiɗa tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, sun kai hekta 2,400 da ɗoriya, kuma ruwansu daga barajin Mozage da na Zango yake zuwa, ya ratsa ta matattarar Cerasa. Baraji shi ma wuri ne da ruwa ke tsayawa, saboda haka duk ƙasar da aka wanko daga tudu a cikinsa take kwanciya. Kowace shekara cikin baraji na raguwa, kuma manomin alkama da na albasa ne ke jin abin a jikinsa idan rani ya yi nisa. A ƙarƙashin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016 an gyara magudanan gonakin. Aiki ne mai kyau, amma a ganinmu siminti a ƙasa ba ya hana laka saukowa daga sama.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne, a ƙasar Illela aka gwada shi. A 1989 wani shiri na hukumar FIDA da ke Badagishiri ya kai wasu manoma yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a faƙo tun da rani, a zuba taki, a shuka hatsi idan ruwa ya sauka. Da suka dawo suka gwada tassa a hekta 4 kacal. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da hatsi alhali na maƙwabta sun bushe. Gani ya kori ji. Kafin shekaru kaɗan an farfaɗo da dubban hektoci da tassa da rabin wata da jerin duwatsu, har faƙon da a da ba mai karɓarsa kyauta ya zama abin saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiya da ke zurfin wajen mita 18 a 1994 ya taso zuwa wajen mita 4 bayan shekara 10, mata suka buɗe garake. Kowane ramin tassa ƙaramar fadama ce: yana tsai da ruwa, yana riƙe ƙasa a gonar mai ita.

Abin da ya rage shi ne fadamun kansu. Gari na faɗaɗa, ana yanka filayen gini a hanyar ruwa, ana sare itacen bakin kwari don girki. Magajin gari da sarki da ma'aikacin gandun daji su ne ke da ikon cewa a bar wa ruwa wurin kwanciyarsa. Kuma da yake Majiya ba ta tsayawa a iyaka, tana cikin kwaruruka huɗu da Nijar da Najeriya suka amince a Maiduguri, a 1990, su riƙa raba ruwansu bisa adalci. Ƙasar da aka riƙe a tudun Adar ba za ta je ta cike Mozage ko Kalmalo ba.