YADDA YARON TELA KE KOYON SANA'A

An daɗe ana zaton koyo na sosai sai a aji, inda malami ke faɗa ɗalibi na saurare, wanda kuwa ya tashi a gindin mai sana'a kwaikwayo kurum yake yi. Wata masaniya ta Jami'ar Kalifoniya a Amurka, mai suna Jean Lave, ta so ta gwada wannan zato. Tsakanin 1973 da 1978 ta yi ta zuwa Monrobiya, babban birnin Laberiya, tana zama a rumfunan teloli na kabilun Vai da Gola, tana duban yadda yaransu ke koyon aiki.

Ta tarar ba safai maigida kan zaunar da yaro ya yi masa darasi ba, amma duk da haka akwai tsari tsayayye. Yaro kan yi kamar shekara biyar a hannun maigidansa. Yakan fara da hula da ɗan kamfai da tufafin yara, sa'an nan wando, kwat kuwa sai can ƙarshe. Abin lura shi ne, kowace tufa daga ƙarshenta ake fara koyonta, watau sa maɓalli da kalmasa da guga, bayan nan a hau keke, almakashi kuwa ba a miƙa masa sai hannunsa ya faɗa.

Hikimar wannan a fili take. Wanda ya goge wando ɗari ya san siffar wando tun bai ɗinka ba, wanda ya harhaɗa yankakken yadi kuma ya gane abin da ya sa aka yanka shi haka. Har wa yau, maɓallin da aka sa a karkace ana iya kwance shi, amma yadin da aka yanka ba daidai ba ya zama hasara, ga kuma kunya wurin mai kaya.

A 1991 Lave da Etienne Wenger suka wallafa littafi a kan wannan. Suka ce mai koyo yakan fara daga gefe da aiki ƙarami amma na gaske, yana ganin gwanaye, yana matsowa tsakiya sannu a hankali. Suka kawo kuma misalin inda abin ya ɓaci. A waɗansu manyan kantuna na Amurka an ajiye yaran mahauta wajen naɗe nama, a inda ba su iya hangen masu yanka. Kantin ya sami aiki mai araha, yaran kuwa suka daɗe ba su iya fawa ba.

Wannan ya shafi ofishin hakimi ƙwarai. Sabon malami, kome yawan takardun shaidarsa, bai san yadda ake rubuta wa Sarki wasiƙa ko yadda ake tsare rajista ba sai ya ga ana yi. Ya kyautu a fara shi da kwafe wasiƙun da aka gama da jera takardu, teburinsa kusa da na babban malami, a bar shi ya zauna sa'ad da dagatai suka zo da magana. In an lura ya iya wannan, a ba shi tsara wasiƙa a duba masa. Ba daidai ba ne a bar shi shekara da shekaru a bakin ƙofa yana kai saƙo, ranar da babban malami ya ajiye aiki kuma a ɗora masa rajista duka.