Yauƙin kuɓewa a cikin ƙwayar magani: me ya haɗa su?

Idan ka sayi farasitamol a kemis a Kakuri ko Barnawa, za ka ga an rubuta miligiram 500 a jikin kwalin. Amma da za ka ɗora ƙwayar a kan ma'auni, nauyinta ya fi haka. To, mene ne sauran?

Sauran su ne kayan haɗi. Ba sa warkar da komai, amma in babu su, babu ƙwayar. Garin farasitamol shi kaɗai ba ya haɗuwa da kyau. Ko an matse shi da inji, sai ya farfashe. Dole a sa masa abin da zai riƙe shi, kamar yadda ake sa ruwa a kwaɓa gari kafin a mulmula fura. A masana'anta ana kwaɓa garin da ruwan abin ɗaurin, a tace shi ya zama tsaki-tsaki, a busar, sannan inji ya danne shi ya zama ƙwaya.

Nan ne yauƙi ya shigo. Yauƙin kuɓewa, karkashi, lalo da ɓawon dargaza dogayen sarƙoƙin sukari ne masu shan ruwa su kumbura. Idan sun bushe a tsakanin ƙwayoyin gari, sai su manne su. Ɗan'uwansu ƙaro, wanda ke fita daga jikin itacen dakwara idan an sare shi, ya daɗe a cikin harhaɗa magunguna a duniya, kuma Jigawa, Yobe da Borno suna samar da shi.

Masu bincike a fannin harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da wasu jami'o'in ƙasar nan sun shafe shekaru suna gwada irin waɗannan tsirrai. Hanyar ba wuya a faɗa: a jiƙa kuɓewa a ruwa, a tace, a zuba etanol har yauƙin ya kwanta, a busar a niƙa.

Sai gwaji. Ƙwayar da ba a lulluɓe ba dole ta tarwatse cikin minti 15 a ruwa mai zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum. Kuma idan an jujjuya ta a na'ura, kada ta zubar da fiye da kashi 1 cikin 100 na nauyinta. Yauƙi ya yi kaɗan, ƙwayar ta ruɓushe a kwali. Ya yi yawa, ta ƙi sakin maganin da wuri. Wannan jinkirin ma yana da amfaninsa, don shi ake nema wajen yin ƙwayoyin da ke sakin magani a hankali tsawon sa'o'i.

Me ya sa abin ya dame mu? Mafi yawan kayan haɗin da masana'antun Najeriya ke amfani da su daga waje ake shigo da su, da dala. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, duk mai sayen magani ya ji a jikinsa.

Sai dai akwai cikas. Kuɓewar damina da ta rani ba lallai yauƙinsu ya zo ɗaya ba, ita kuwa masana'anta tana son buhun yau ya yi daidai da na gobe. Yauƙi kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta da fumfuna, don haka sai an tsaftace shi sosai kafin NAFDAC ta amince da maganin da aka sa shi a ciki.

Aikin da ya rage ke nan: masana'antar da za ta karɓi kuɓewa ko ƙaro daga manomi, ta tace, ta fitar da gari mai inganci iri ɗaya kowane lokaci. Unguwar masana'antu ta Kakuri ta taɓa yi wa auduga irin wannan hidima tun buɗe masaƙar Kaduna a 1957.