Kafin A Wanke Kwamfuta, A Ceto Littafin Bashi

A Arlit da Akokan, ciniki da bashi tagwaye ne. Tun da SOMAIR ta fara haƙar yuraniyom a 1971, mun saba ba ma'aikata shinkafa, mai da atamfa, su biya ƙarshen wata. Rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021 ya sa kuɗi sun yi wuya, kowace jaka da muke bi ta zama abin kiyayewa.

Da yawanmu mun mayar da lissafi cikin kwamfuta. To, kamfanin Microsoft na Amurka ya daina kula da Windows 10 kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar tsofaffin injuna. Shi ya sa masu gyara ke cewa a sa Linux, wadda kyauta ce.

Nan haɗarin yake. In an ce za a “wanke” kwamfuta, ana nufin share duk abin da ke ciki, har da sunayen masu bashi. Wanda ya ci kayanki kuwa ba lallai ya zo ya tuna miki ba.

Saboda haka, kafin mai gyara ya taɓa, a kwafe takardu da hotuna a kile USB biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, nesa da zafi da ƙura. A ce masa ya tsara su da exFAT, domin Windows da Linux duk suna karanta shi, alhali Windows ba ta gane ext4 na Linux. A buɗe kilen a wata kwamfutar, a gani da ido.

Lissafin Excel yana buɗewa a LibreOffice. Amma manhajar da ke cire rasit ta kan ƙi tashi a Linux, sai a gwada tukuna.

Masu gidan wasan ƙwallo na yara ma su kula. Tun 2018 Steam ke da Proton, mai kunna wasannin Windows da yawa a Linux, amma wasu ba sa yi. Dabara ita ce a raba faifan gida biyu, kowane tsari da ɗakinsa.

Kar kuma mu yar da biro. Duk ƙarshen wata a buga jerin masu bashi a takarda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.