Siron Da Aka Hana, Da Yaron Da Ke Tari A New Bell

Ranar 19 ga Yuli 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan wani siron tari da mura mai suna Naturcold, wanda aka samu a Kamaru. Gwaji ya nuna akwai sinadarin dayetilin gilaikol a cikinsa har kashi 28.6 cikin ɗari, alhali iyakar da aka yarda da ita kashi 0.10 ce. Sinadari ne na masana'antu, irin wanda ake sawa a man birki. Yana da ɗan zaƙi a baki, shi ya sa yaro ba ya tofar da shi, kuma ƙoda yake lalatawa. A jikin kwalin an rubuta cewa wani kamfanin Ingila, Fraken International, ne ya haɗa shi. Hukumar magunguna ta Ingila ta bincika, ta ce babu kamfani mai wannan suna a ƙasar. Kafin nan yara sun riga sun rasu a yankin Fundong na Arewa maso Yamma, kuma tun a watan Afrilu jami'an lafiyar yankin suka fara jan kunnen iyaye.

Tsakanin Fundong da Duwala akwai tafiya, amma kayan fatauci ba su san nisa ba. Duk wanda ya zauna a unguwar New Bell ta Duwala ya san hannaye uku ke ba da magani a unguwar. Akwai likita a asibitin gundumar New Bell ko a asibitin Lakintini, mai rubuta ordonans, wato takardar magani. Akwai farmasi mai lasisi. Sai kuma gazon, kasuwar magungunan kan titi da ke kusa da babbar kasuwa, inda ake sayar da ƙwaya ɗai-ɗai daidai kuɗin da ke hannun mutum. Takardar gargaɗi tana fitowa daga ma'aikatar lafiya a Yawunde, da Faransanci da Turanci, da sunan magani da lambar kwali, ta isa hannu biyun farko. Na ukun ba shi cikin rajistar kowa, kuma shi ne mafi kusa da uwar da ɗanta ya kwana yana tari, mijinta kuma bai dawo daga kasuwa ba. Ita ba da suna ta san magani ba. Ta san shi da launin kwalba da hoton da ke jikin kwali.

Ko a hannun likita ma, gargaɗi ba ya tsayawa kan maganin da aka ambata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. A Gambiya a 2022, lokacin da yara kusan 70 suka mutu da ciwon ƙoda, hukuma ta dakatar da sayar da siron farasitamol baki ɗaya tun kafin a tabbatar da guba a siro huɗu na kamfanin Maiden na Indiya. A watan Oktoba na shekarar, Indonesiya, wadda ta rasa yara fiye da 200, ta hana sayar da kowane irin siro na wani lokaci, likitoci suka koma rubuta ƙwaya da gari. Ban ga laifin hukumomin ba, domin wanda bai san wace kwalba ce ke kisa ba dole ya rufe duka. Sai dai siro ana yin sa ne don a iya auna wa jariri daidai nauyinsa. In aka ce uwa ta ɓalla ƙwayar manya ta jiƙa a cokali, an kauce wa guba ɗaya, an buɗe ƙofar ba da magani fiye da ƙima, farasitamol kuwa in ya yi yawa hanta yake ci. Wata uwar kuma tsoro zai sa ta bar yaron da zazzaɓinsa a ɗaki, a garin da maleriya ba ta da damina ba ta da rani.

Abin da ya fi damuna shi ne gurbin da haramci ke bari. Likitan da aka karɓe masa siron tari, ga uwa a zaune gabansa tana jiran ya rubuta wani abu, ba wuya hannunsa ya kai ga maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya yi wa mura komai. 'Yan'uwanmu na Kano sun ga wani salon wannan a 2018, da Najeriya ta hana haɗawa da shigo da siro mai kodin: kwalba ta bar kan kanta, ta koma bayan fage da tsada, masu sha kuma ba su rasa abin da za su koma wa ba. A Duwala ba sai an ba kowa labarin tramol da 'yan benskin, masu acaɓa, ba.

Shi ya sa nake ganin gargaɗin da ya tsaya a "kada a sha" bai gama aikinsa ba. Ya kamata ya zo da abin da za a yi a madadi, kuma wannan ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Yawancin tarin mura yana wucewa da kansa. Ruwa da nono da ɗan zuma sun wadatar, amma zuma sai ga yaron da ya haura shekara ɗaya. Faransa, wadda yawancin likitocin Duwala da harshenta suka yi karatu, tun 2010 ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyu siron tsinka majina. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya kafin a sha komai. Ya kamata gargaɗin ya faɗi alamomin guba da kalmomin da uwa za ta gane: amai, gudawa, ciwon ciki, yawan barci ko ruɗewa, sai babbar cikinsu, fitsari ya ragu ko ya ɗauke. Yaron da ya sha siro ya wuni bai jiƙa zani ba, asibiti za a nufa da shi a take, a riƙo kwalbar da kwalinta, domin lambar da ke jiki ita za a bi a gano inda sauran suke.

Hanyar isar da wannan tana nan a unguwa. Sarkin Hausawa da masu unguwanni suna da masu kai saƙo gida-gida, limamai suna da mumbari ranar Juma'a, mata suna da islamiyya da taron adashi da gidan suna. Hoton kwalbar Naturcold guda ɗaya, da saƙon murya na minti biyu da Hausa da Fillanci a WhatsApp daga bakin ma'aikaciyar jinyar da aka sani, zai shiga ɗakunan da takardar ma'aikata ba ta taɓa shiga ba. Masu tebur a gazon ma a kai musu hoton, ko da doka ba ta san da zamansu ba, tunda kwalbar a hannunsu za ta fara bi kafin ta kai ga yaro.