Bindigar Maharbi: Ɗurinta, Sayen Tsohuwarta da Kula da Ita

A Amurka akwai wani inji da masu sha'awar harbi ke kafawa a kan teburi a cikin gida, don sake ɗura harsashin da aka riga aka harba. Kwanson tagullar da bindigar zamani ke tofarwa bayan harbi bai gama aiki ba. Ana tsince shi a gyara, a sake cika shi, a yi ta amfani da shi har ranar da ya tsage. Ƙaramin injin kwanso ɗaya yake riƙewa, aiki ɗaya yake yi a kowane jan hannu. Babban kuwa yana da faifai mai juyawa da ke ɗaukar kwanso huɗu ko biyar a lokaci guda, kowanne a matakinsa, ta yadda duk jan hannu ɗaya sai harsashi ɗaya ya faɗo a kammale. Mai irin wannan inji yana iya fitar da ɗaruruwa cikin awa guda. Kamfanonin Dillon da Hornady da Lee da RCBS su ne sanannu a wannan sana'a, kuma cinikin tsofaffin injinansu kasuwa ce mai zaman kanta, domin sabo yana da tsada, ƙarfen kuma yana daɗewa.

Wanda ya zo sayen tsoho a can yakan duba ko faifan na tsayawa daidai inda ya kamata, ko ma'aunin garin na zuba adadi ɗaya kullum, ko akwai ƙananan sassan da suka ɓata, ko tsatsa ta kama inda ido ba ya kaiwa. Abin da masu injin suka fi tsoro kuskure biyu ne: kwanson da ya sami gari ninki biyu, wanda ke fasa bindiga a hannun mai ita, da kwanson da ya wuce babu gari, wanda ke barin harsashi maƙale a cikin bututu har na bayansa ya zo ya tarar da shi. Saurin injin shi ne haɗarinsa, don kuskure ɗaya yana iya maimaituwa sau ɗari kafin a ankara.

Wannan inji ba shi da gurbi a Illela, garinmu na Sakkwato da ke kan iyakar Nijar, haka ma a ko'ina cikin Nijeriya. Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin sojoji ba, kuma tun 1964 akwai masana'antar DICON a Kaduna da ke wannan aiki. Duk wanda aka samu da injin ɗura harsashi a ɗakinsa, ba maharbi za a kira shi ba. Sai dai abin da injin ke yi, wato mutum ya ɗura abin harbinsa da hannunsa ya kuma ɗauki alhakin ma'auninsa, tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Duk maharbin da ke rataye da bindigar toka shi ne injin kansa. Bindigarsa ta baki ake ɗura ta: albarushi, tsumma, dalma ko ƙananan ƙarafa, a danna da sandar ɗuri, a harba sau ɗaya, a sake daga farko. Shi ya sa ake yi mata laƙabi da harba-ka-ruga.

Bindiga ta daɗe da shigowa wannan yanki, amma ta jima ba ta yi yawa ba. A Borno, Mai Idris Aloma ya yi amfani da 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi birnin, Babba Zaki kuma shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Jihadin 1804 da baka da kibiya da takobi da doki aka yi shi. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita, wata ta hamada daga Tarabulus, wata ta kudu ta hanyar Nupe. Sarkin Damagaram Tanimu ya kai ga sa maƙeransa suna zuba masa igwa a Zinder.

Akwai dalilin da ya sa tsohuwar ƙira ta zauna daram a hannun mutanenmu alhali duniya ta wuce ta. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brasels, wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar ƙofa a buɗe ga masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Masana'antun Birmingham a Ingila da Liyej a Beljiyam suka ci gaba da ƙera irin waɗannan musamman domin kasuwar Afirka. Shekara tara bayan yarjejeniyar, a watan Mayun 1899, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, wanda ke tsallaken iyaka kaɗan daga Illela, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. A ranar 15 ga Maris 1903 kuma sojojin Ingila suka fuskanci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru a bakin Sakkwato da bindiga mai ruwan harsashi. Bayan an ci ƙasa, bindigar toka ta tashi daga fagen yaƙi ta koma daji da filin hawan Sallah, maƙeran gida kuma suka riƙa gyaranta da ƙera ta.

A nan ne batun sayen tsohuwa ya taso, domin mafi yawan bindigogin da ke hannun maharba ba sababbi suka same su ba. Wata gadon uba ce, wata an saye ta daga maharbin da ƙarfinsa ya ƙare. Kafin a yi maganar ƙarfe, sai an yi maganar takarda. Dokar 1959 ta kasa makamai gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, na kai irin su bindigar farauta ta Turawa da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sai masu ɗurin baki, waɗanda lamarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka san shi da shaye-shaye. Maƙerin da zai ƙera ko ya gyara bindigar toka shi ma doka ta ce sai ya sami izini. Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da aka gada ba ya bukatar takarda, kuma wannan zato ya jefa mutanen kirki cikin wahala.

A garin iyaka abin ya fi nauyi. Kasuwar Illela ta ranar Lahadi tana tara mutane daga Ƙonni da Tawa da Gwadabawa da Sakkwato, dangi kuma a warwatse suke ɓangare biyu, ta yadda mutumin Araba ko Kalmalo zai iya kwana a Nijar ya yi sallar azahar a gida bai ji ya yi tafiya ba. Bindiga ba ta da wannan 'yanci. Lasisin Nijeriya ba ya aiki a Nijar, na Nijar ba ya aiki a nan, kuma tsallakawa da ita ko da kyauta ce daga kawu fasa-ƙwaurin makami ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta tsaurara wannan, Nijeriya ta kafa cibiyar kula da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, Nijar kuma tana da hukumarta ta tattara haramtattun makamai tun 1994. Ga kuma halin da gabashin Sakkwato ke ciki na 'yan fashin daji, wanda ya sa jami'in tsaro ba ya kallon mai bindiga da idon da ake kallonsa shekara talatin baya. Maharbin da ke son zaman lafiya ya sayi bindigar da aka san asalinta, a gaban shaidu, da sanin Sarkin Baka da mai unguwarsa, ya kuma kai maganar ofishin 'yan sanda.

Sai ƙarfen kansa. Mai saye yakan ruɗu da ƙota mai sheƙi da layu da adon fata, alhali ran bindiga yana cikin bututunta. Ƙota in ta tsage masassaƙi zai yi wata. Kunama in ta yi sanyi maƙeri zai gyara. Bututun da ya ruɓe daga ciki ba shi da magani, kuma ba ya gargaɗi kafin ya fashe. A Turai tun da daɗewa suka gane haka, suka kafa gidajen gwaji inda ake harba kowane sabon bututu da ɗuri mai nauyi fiye da kima kafin a buga masa hatimi a sake shi kasuwa. Na Birmingham an kafa shi a 1813 kuma yana aiki har yanzu. Bindigar gida ba ta bi ta irin wannan gida. Wadda aka yi da bututun famfo ita ce mafi muni, domin bututun ruwa yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ba don ɗaukar bugun wuta aka yi shi ba. Duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya ga mai yatsu uku ko mai ido ɗaya, kuma in ka tambaya, sau da yawa ba namun daji ba ne suka yi masa haka.

Saboda haka ba a sayen tsohuwar bindiga da dare, ba a kuma sayenta ba tare da maƙerin da ya san aikin ba. Sakkwato tana da tsofaffin gidajen ƙira irin na unguwar Maƙera Assada, kuma kowane babban gari yana da wanda maharba suka yarda da idonsa. Abin farko da zai tabbatar shi ne ko akwai ɗuri a ciki, domin bindigar toka ba ta nuna cikinta. Ana iya jingine ta shekara biyar da ɗurinta, magada su ɗauka fanko ce. Zai zura sandar ɗuri ya gwada zurfin da tsawon bututun daga waje. Daga nan ya duba ramukan tsatsa, da kumburi a jikin bututu, da wurin da aka taɓa yi wa walda, da gindin bututun inda wuta ke tashi, wanda shi ne ke daf da fuskar mai harbi. Bindigar da aka yi wa faci a bututu ba abin saye ba ce ko nawa aka rage.

Kula da ita kuwa yaƙi ne da tsatsa. Albarushi idan ya ƙone ba duka ne ke fita da hayaƙi ba. Wani ɓangarensa yana zama baƙar dauɗa a cikin bututu, dauɗar kuma tana jan danshi daga iska ta fara cin ƙarfe cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai kawai ba ya fitar da ita. Ruwa ne ke narkar da ita, don haka ake wanke bututu da ruwan ɗumi a ranar da aka yi harbi, a busar da shi sarai, sannan a shafa mai kaɗan. Illela tana da rani mai tsawo, iskar hunturu kuma busasshiya ce, wannan ya sa mutane ke sakaci. Amma farauta ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona. Da damina ta faɗi sai maharbi ya koma gona, bindiga ta koma lungu, kuma a waɗannan watanni na Yuli da Agusta da ba a taɓa ta ne take lalacewa. Wanda ya ajiye ta da dauɗar harbin ƙarshe zai ɗauko wata bindiga dabam da kaka, ko da a ido ita ce.

Kuskuren ɗuri ninki biyu da masu injin Amurka ke tsoro yana nan a wurinmu da kamarsa. Maharbi ya ɗura, wani abu ya ɗauke masa hankali, ya dawo ya sake ɗurawa a kan na farko. Ko kuma bindiga ta ƙi tashi, ya juyo bakinta yana leƙawa, alhali wutar tana ci a hankali. Tsofaffi sukan yi wa sandar ɗuri alama don su san inda take tsayawa in bindiga fanko ce da inda take tsayawa in da ɗuri ɗaya. Akwai kuma wani sabon haɗari da kakanninmu ba su sani ba: garin da ke cikin harsashin zamani ba albarushi ba ne, ƙarfinsa ya ninka nasa nesa ba kusa ba, kuma zuba shi a bindigar toka yana tarwatsa ta. Matasan da suka shiga aikin sa-kai ba tare da sun taso a gidan farauta ba su ne suka fi faɗawa wannan, kuma ina ganin wajibi ne shugabannin maharba su riƙa faɗa musu da babbar murya.

Abu na ƙarshe ya shafi mutanen gida, waɗanda ba su taɓa zuwa daji ba. Albarushi ba ya zama kusa da murhu, ko fitilar kwai, ko ɗakin da yara ke kwana, kuma ba a ajiye shi wuri ɗaya da bindigar. Dalma ma guba ce. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, mafi yawansu ta ƙurar da aka shigo da ita cikin gidaje. Dalmar maharbi ba ta kai wannan yawa ba, amma jinin ƙaramin yaro ba ya bukatar mai yawa kafin ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Kada a narka ta a tsakar gida ko a cikin tukunyar da za ta koma madafa, kada a bar yaro ya yi wasa da ita, kuma naman zabo ko zomo da aka harbo a yanke wurin da ta shiga a zubar kafin ya shiga miya.